Imel ɗin kamfani daga Garwa zuwa Njamena: yadda ake zaɓen manhajar saba, a kafa ta, ta zauna da gindinta

Wani ɗan kasuwa a nan Garwa, wanda motocinsa ke lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere su nufi Kusiri, su haye gadar Ngeli su sauke a Njamena, ya kira ni wata rana hankalinsa a tashe. Akawunsa ya bar aiki. Ba faɗa aka yi ba, yaron wani wuri ya samu a Duwala. Sai dai duk wasiƙun kamfanin, daga takardun duwan, wato kwastan, har rasit ɗin masu sayar musu da taya, ta adireshin imel ɗin akawun suke shigowa, adireshin da ya buɗe da sunansa da lambar wayarsa tun yana ɗalibi.

"Malam," in ji Alhajin, "makullin sitona yana aljihuna, ashe wasiƙuna suna aljihun wani."

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. Amma abin yana da gyara."

Wannan gyaran nake son shimfiɗawa a nan daki-daki. Masu tallar manhajar imel suna jero siffofi masu yawa, amma a wurinmu tambaya uku ce ke raba mai amfani da marar amfani: wa ya mallaki akwatin, saƙon yana isa inda aka aike shi, kuma in wani abu ya lalace ana iya dawo da wasiƙun?

Me ake nufi da sabar imel

Saba ita ce kwamfutar da ke karɓar wasiƙu da aika su dare da rana. Mutane kan ɗauka manhajarta ɗaya ce. A gaskiya ƙungiya ce ta manhajoji, kowace da aikinta, kamar tashar mota. Akwai mai karɓar kaya da aika su, wadda ke magana da sauran sabobin duniya ta hanyar da ake kira SMTP. Cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a wannan aiki akwai Postfix, da Wietse Venema ya rubuta aka fitar a 1998, sai Exim da ta fito daga Jami'ar Kambirij. Akwai mai sito, wadda ke ajiye wasiƙu ta miƙa wa wayarka ko kwamfutarka in ka nema, ta hanyar IMAP ko POP3. A nan Dovecot ce sarauniya. Akwai mai gadi, kamar Rspamd ko SpamAssassin, mai tsayar da saƙonnin shara da na damfara, da ClamAV mai duba fayil ko yana ɗauke da cuta. Sannan akwai taga, wato shafin da ake buɗewa a intanet a karanta wasiƙa ba tare da sa komai a waya ba, kamar Roundcube ko SOGo.

In ka riƙe wannan, ba wanda zai ruɗe ka da suna. Duk wani ƙunshi da za a kawo maka, waɗannan huɗun ne a ciki, an ɗaure su wuri ɗaya.

Mataki na farko: mallaki sunanka

Kafin maganar saba, akwai sunan da ke zuwa bayan alamar @. Shi ne filin da za a yi ginin a kai. A Kamaru sunan da ke ƙarewa da .cm yana ƙarƙashin hukumar ANTIC, a Chadi kuma .td yana hannun ADETIC. Kana iya ɗaukar .com ma, in abokan hulɗarka na waje ne.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka tsaya da kanka a lokacin rajista. Sunan kamfani za a rubuta a matsayin mai shi, da lambar wayar mai kamfani, da adireshin imel na dabam wanda yake hannunsa. Kada a sa sunan yaron da ya yi maka aikin, komai amanarsa. Ba zargi ba ne. Mutane suna ƙaura, suna sake lamba, suna rasuwa. Kuma adireshin da za a riƙa turo gargaɗin ƙarewar wa'adi kada ya zama a kan sunan da ake yi wa rajistar, don ranar da sunan ya mutu gargaɗin ma ba zai iso ba. Biya shekara biyu ko uku a dunƙule in an ba da dama, ka rubuta ranar ƙarewa a littafin da kake rubuta ranar biyan haya da haraji.

Wata matsala tamu ce ta musamman: tsakanin .cm da .com harafi ɗaya ne tak. Baƙo a Dubai ko Sin zai ga .cm ya ɗauka kuskure ka yi, ya ƙara maka "o" da kyakkyawar niyya, saƙon ya tafi wani wuri. In sunan kamfaninka yana nan a buɗe a duka biyun, ɗauki duka, ka sa na biyun ya riƙa zuba wa na farko. Kusan duk manhajar kirki tana iya riƙe suna fiye da ɗaya.

Game da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ: a cikin wasiƙa rubuta su son ranka, tare da wasulan Faransanci da rubutun Larabci, tsarin UTF-8 yana ɗaukar su duka. Amma a jikin adireshin kansa bar su, yi amfani da haruffa marasa ado, don har yanzu akwai sabobin da ba sa karɓar irin wannan adireshi.

Mataki na biyu: ina sabar za ta zauna

A nan ake yawan faɗuwa, don haka zan daɗe.

Zuciyar ɗan kasuwa tana son ya ga abinsa da ido: kwamfuta a kusurwar ofis, fitila tana ƙyaftawa. Na fahimci wannan, amma ban ba kowa shawarar ya ajiye sabar imel a ofishinsa a Garwa ko Marwa ko Njamena ba. Dalilin farko kowa ya sani. Wutar arewacin Kamaru ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma in rani ya tsananta ruwa ya ja baya, ɗauke wuta na ƙaruwa. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, lokacin hunturu ƙura ta cika kowace kafa. Saba kuwa dare da rana take aiki, har ranar Sallah. Sai ka tanadi janareta, da na'urar riƙe wuta, da sanyaya ɗaki, da mai tashi cikin dare.

Dalili na biyu ba a ganin sa da ido, kuma ya fi na farko ƙarfi. Kafin manyan sabobi su karɓi saƙo daga gare ka, suna duba lambar IP ɗinka, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet. Suna son lamba tsayayya wadda ba ta canzawa, kuma mai rajistar baya da ake kira PTR, wato in an tambayi lambar ta faɗi sunan sabarka. Intanet ɗin layin waya, wanda yawancin ofisoshinmu ke amfani da shi, ba ya ba da wannan. Sau da yawa mutane masu yawa ne ke raba lamba ɗaya, kuma irin waɗannan lambobi suna cikin jerin da ƙungiyoyi kamar Spamhaus suka ware cewa bai kamata imel ya fito daga cikinsu kai tsaye ba. Ka sayi kwamfuta mai tsada, ka sa manhaja mafi kyau, saƙonka ya tsaya a bakin ƙofar Gmail.

Saura hanya biyu. Ɗaya ita ce ka yi hayar akwatuna gaba ɗaya daga kamfani kamar Google Workspace, Microsoft 365 ko Zoho Mail, ka riƙa biya kan kowane ma'aikaci. Su ke gadi, su ke sabuntawa, adireshin kuma da sunan kamfaninka yake fita. Ta biyu ita ce ka yi hayar saba a ɗakin ajiyar bayanai, abin da masu sana'ar ke kira VPS, ka ɗora manhajarka da kanka.

Ra'ayina a fili yake. In ma'aikatanku ba su kai goma ba, kuma ba ku da wani tsayayye da ya san Linux wanda za a iya kira ko da tsakar dare, ku ɗauki hanyar farko, ba abin kunya ba ne. In kun yi yawa, akwai rassa a Ngaundere da Kusiri da Njamena, kuɗin kowane akwati ya fara nauyi, kuma akwai mai kula, to ta biyu ta fi. Wani sauƙi da muke da shi shi ne sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka hayar saba a Turai ba ta tashi sama don canjin kuɗi ya motsa, saɓanin abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke fama da shi. Sai dai yawancin kamfanonin waje katin banki suke karɓa. Ka tabbata katin ba zai ƙare ko ya bushe a watan biya ba.

Kafin ka biya ko sisi, tambayi mai haya abu uku a rubuce. Ƙofa ta 25, wadda sabobi ke magana da juna ta ita, a buɗe take? Da yawa suna rufe ta ga sabon mai haya saboda masu aika shara. Zan iya sa PTR da kaina? Kuma wace lambar IP za ku ba ni? In sun ba ka, duba ta a shafin Spamhaus tun kafin ka ɗora komai, don wataƙila wanda ya riga ka ya ɓata mata suna. In ta ɓaci, nemi a sake maka.

Wani zai ce, to in intanet ya yanke fa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har abin ya taɓa Kamaru? A irin wannan rana sabar da ke waje tana ci gaba da karɓar wasiƙunka tana ajiyewa, in layi ya dawo ka same su. Shi ma tsarin imel mai haƙuri ne: in saba ta aiko saƙo ba ta samu mai karɓa ba, takan riƙe ta riƙa gwadawa. Postfix, yadda ta zo daga gida, kwana biyar take yi kafin ta mayar wa mai shi.

Mataki na uku: zaɓen manhaja da siffofin da za ka nema

Ba na ba sabon shiga shawarar ya harhaɗa Postfix da Dovecot da sauransu da hannu. Akwai ƙunshe-ƙunshe na kyauta da suka riga suka yi wannan ɗaurin. Mailcow tana da cikakken shafin shugabanci kuma tana tafiya a kan wata manhaja mai suna Docker, sai dai tana da ci: masu ita sun ce aƙalla gigabait 6 na RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta saba. Mail-in-a-Box ta fi sauƙi, tana son sabuwar Ubuntu, wani nau'in Linux, da ba a ɗora wa komai ba, amma ba ta son a yi mata gyare-gyare. iRedMail tana tsakiya. Zimbra babba ce, ta dace da ma'aikata masu yawa. Shi kuwa Exchange na Microsoft, in wani ya kawo maka tsohon kwafi ya ce zai sa maka a araha, ka sani tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina tallafa wa na 2016 da na 2019. A Maris 2021 an kutsa dubban sabobin Exchange a duniya ta wata kafa da aka gano. Manhajar da ba a sake ɗinke mata ɓaraka ba ta dace da wasiƙun kuɗi.

Duk wadda ka nufa, zauna da mai kafawa ka sa ya nuna maka waɗannan a kan allo, gani ya kori ji.

IMAP, ba POP3 ba. POP3 a al'adarsa yana sauke wasiƙa cikin na'ura ɗaya ya share ta daga saba. Wayar ta faɗi a kasuwa ko a sace ta, wasiƙun sun tafi. IMAP yana barin komai a saba, waya da kwamfuta madubi ne kawai. Abin da manajan Kusiri ya karanta a waya, shi zai gani a kwamfuta in ya koma ofis. Ni kan kashe POP3 gaba ɗaya don kada wani ya zaɓe shi bisa kuskure.

Adireshin aiki da akwatin tarayya. Wannan ne maganin ciwon Alhajin nan. Masu hulɗa da ku su riƙa rubuto wa adireshin kujera, kamar na lissafi, na sufuri, na oda, ba na mutum ba. Manhajar ta iya ba mutum biyu ko uku izinin shiga akwati ɗaya kowa da kalmar sirrinsa, ta kuma iya yin laƙabi, wato adireshi da yawa masu zuba a akwati ɗaya. Ma'aikaci ya tafi, a cire masa izini cikin minti ɗaya, wasiƙun shekaru suna nan, wanda ya gaje shi ya zauna ya karanta tarihin kowane ciniki. In siffa ɗaya kawai za a bar ni in zaɓa, wannan zan ɗauka.

Iyakar aikawa. Nemi wurin da ake ƙayyade yawan saƙon da akwati ɗaya zai iya aikawa a awa. Ranar da aka sace kalmar sirrin wani ma'aikaci, ɓarawon zai so ya tura dubban saƙonni da sunanku cikin dare, kafin asuba lambarku ta shiga baƙin littafi, sai a yi kwanaki ana roƙon a cire ta. Iyaka ce ke tsayar da ɓarnar tun tana ƙarama. Akawu na gaske ba ya aika saƙo ɗari biyar a awa.

Girman fayil. Nan akwai abin da ke ruɗa mutane. In an maƙala fayil a imel, yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake juya shi rubutu. Postfix kuma da iyakar kusan megabait 10 take zuwa, don haka takardun duwan da aka ɗauka a hoto suka kai megabait 8 sai su ƙi wucewa, a yi ta zargin layi. A ɗaga iyakar zuwa 35 ko 40. Amma ka tuna Gmail ma megabait 25 yake bari a aika, ga kuɗin data. Koya wa ma'aikata su rage nauyin takarda kafin su tura.

Littafin shige da fice. "Na turo" da "ban gani ba" sun raba abokan ciniki da yawa. Manhajar kirki tana rubuta kowane saƙo: ƙarfe nawa ya fita, wace saba ta karɓa, me ta amsa. In amsar ta fara da 250, an karɓa. 4 a gaba na nufin a sake gwadawa. 5 a gaba an ƙi. Sa a nuna maka yadda ake binciko saƙo ɗaya a ciki. A tabbata kuma agogon sabar daidai yake. Kamaru da Chadi duka awa ɗaya suke gaba da GMT.

Sai ƙayyade wurin ajiya ga kowane akwati, don kada mutum ɗaya ya cika faifai ya tsayar da kowa. Lissafin ba wuya: akwati 15, kowane gigabait 5, 75 ke nan, sai ka ƙara sarari. Kalanda ta tarayya, littafin adireshi, amsa ta kai tsaye in mutum ya yi tafiya, duk suna da daɗi kuma yawancin ƙunshe-ƙunshen suna da su. Kada su zama dalilin zaɓe.

Mataki na huɗu: rajistar DNS, shaidar da duniya ke dubawa

An ɗora manhaja, amma ba wanda ya san ku tukuna. DNS shi ne littafin adireshin intanet, mai haɗa suna da lamba. A shafin da aka yi rajistar sunanku ake rubuta layukansa, bi da bi.

Da farko layin A, mai cewa sunan sabar, misali mail.kamfaninka.cm, yana kan lambar IP kaza. Sai PTR a wurin mai haya, wanda dole ya maido da wannan sunan daidai. Sai MX, mai gaya wa duniya inda za a kai wasiƙunku. In kuna da tsohon wurin da ake amfani da shi, bar wannan sai ranar ƙaura.

Sai ukun da suka zama hatimin zamani. SPF layi ne mai faɗin sabobin da aka yarda su aika da sunanku. Mafi sauƙinsa: v=spf1 mx -all. Guda ɗaya tak ake yi wa suna; in kuna da wata manhaja mai aika rasit da sunanku, a cikin wannan layin za a ƙara ta, ba a buɗe na biyu. DKIM sa hannu ne na lissafi da sabarku ke bugawa a kan kowane saƙo. Manhajar za ta samar da makulli, a zaɓi mai tsawon 2048, a kwafe rabinsa na fili a sa a DNS. DMARC kuma umarni ne ga mai karɓa: in saƙo ya zo da sunanmu bai ci jarrabawar nan ba, ga abin da za ku yi da shi. A fara da p=none, wato a bar shi ya wuce amma a turo mana rahoto. Bayan 'yan makonni ana duba rahoton, in an tabbata duk saƙonnin gaskiya suna cin jarrabawa, a koma p=quarantine, daga baya p=reject. Wanda ya yi gaggawar kai wa ƙarshe kan toshe nasa saƙonnin da hannunsa.

Wannan ba ado ba ne. Tun Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: kowane mai aikawa sai da SPF ko DKIM, mai aika saƙo sama da 5,000 a rana zuwa Gmail kuwa sai da duka biyun har da DMARC.

Gwajin ba ya buƙatar gwani. Aika saƙo zuwa wani akwatin Gmail, buɗe shi a kwamfuta, zaɓi "Afficher l'original" in allonka na Faransanci ne. Za ka ga SPF, DKIM da DMARC a jere, kowanne ya nuna PASS. In ɗaya bai nuna ba, aikin mai kafawa bai ƙare ba, kada ka cika masa kuɗi.

Mataki na biyar: ƙofofi da makullai

Wayoyi da kwamfutoci su shiga ta ƙofofi masu rufin asiri kawai: 993 don karantawa, 587 ko 465 don aikawa. Takardar shaidar da ke sa hakan ya yiwu ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, ba ta wuce kwana 90, kuma manhajar ce ya kamata ta riƙa sabunta ta da kanta. In wata rana waya ta ce ba ta amince da shaidar ba, kada ma'aikaci ya danna "ci gaba", ya kira mai kula.

A kunna tabbaci mai hawa biyu ga shafin shugabanci tun ranar farko, da manhajar da ke fitar da lambobi shida a waya. Manhajojin karanta imel ta IMAP galibi ba sa tambayar lamba ta biyu, shi ya sa ake son siffar kalmar sirri ta kowace na'ura: waya ta ɓata, a soke tata kaɗai. A kunna mai toshe duk lambar da ta yi ta cankar kalmar sirri, irin fail2ban. A kuma gwada cewa sabar ba ta karɓar saƙo daga baƙo ta kai wa wani baƙon.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da na fi tsoro ba a manhaja take ba. Saƙo ne zai zo kamar daga mai sayar muku da kaya, da tambarinsa, da sunan ma'aikacin da kuka saba, yana cewa sun sake banki, ga sabon RIB, wato bayanan asusun banki, a tura kuɗin can. Adireshin harafi ɗaya ya bambanta, ko kuma an shiga akwatin mutumin na gaskiya. DMARC yana hana a yi amfani da sunanku daidai, ba ya hana mai kama da shi. Don haka a kafa doka a ofis, a rubuta a liƙa kusa da teburin akawu: ba a sake lambar asusun kowa bisa imel, sai an kira shi a lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Wasu manhajoji suna iya sa alama a kan duk saƙon da ya fito daga wajen kamfani. A kunna ta, tana taimakawa in wani ya yi shigar Alhaji yana ba akawu umarni.

Mataki na shida: kwafin ajiya

Kamaru da Chadi duka suna cikin OHADA, ƙungiyar da ta daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama, kuma dokar lissafinta ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10. Yau rasit da yarjejeniya da yawa ta imel suke zuwa, don haka akwatin lissafi ya zama kamar kabad ɗin fayil. Hoton saba, wato kwafinta gaba ɗaya da mai haya ke ɗauka, yana da amfani, amma in asusunku ne aka rufe, shi da hoton tare za su tafi. A riƙa yin kwafi kowane dare zuwa wani kamfani dabam, sannan lokaci-lokaci a sauko da kwafi a faifan da ke ofis cikin akwatin ƙarfe. Nan ne kwamfutar ofis ke da rana: ba ta karɓar wasiƙa, ajiya kawai take yi, in wuta ta ɗauke ta jira.

Kwafin da ba a taɓa dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. Duk wata uku ka zaɓi wasiƙa ɗaya ta gwaji, ka share ta, ka ce wa mai kula ya dawo da ita kana zaune.

In za a kunna siffar da ke ajiye kwafin duk saƙon da ya shiga ko ya fita, a sanar da ma'aikata a rubuce cewa akwatin na aiki ne. Adalci ne, kuma doka tana kallon wannan fage: Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru ta kafa tata a Disamba 2024.

Mataki na bakwai: ranar ƙaura

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin nan a buɗe duk akwatunan, a gwada aikawa da karɓa tsakaninsu. Kwana biyu kafin nan a rage TTL na layin MX, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe tsohon bayani, zuwa daƙiƙa 300, don canjin ya yaɗu da sauri. A kwashe tsofaffin wasiƙu da manhajar imapsync, wadda ke kwafe akwati zuwa akwati. A bar ta ta yi aikin daga saba zuwa saba, kada a bi ta layin ofis ana ƙona data. Juma'a da yamma ko Asabar a juya MX, Lahadi a sake gudanar da imapsync ta tsinto waɗanda suka faɗa tsohon wuri a tsakani. Litinin da safe mai kula ya kasance a ofis, yana karɓar waya ɗaya bayan ɗaya yana saitawa. Manhajar karanta imel ta Thunderbird tana aiki a kwamfuta da Android, Outlook ma haka. Na rassa a yi musu ta kiran bidiyo.

A wannan ranar a rubuta sunan mai rajistar suna, da na mai hayar saba, da kalmomin sirrin shugabanci, da lambobin ceto na tabbaci mai hawa biyu, a sa a ambulan, a liƙe, mai kamfani ya ajiye inda yake ajiye takardun fili. In mai kula ya sake wata kalma, a sake ambulan ɗin.

Tsohon adireshi kada a yar da shi nan take. A wurin Alhajin nan mun kira tsohon akawun, ya yarda ba musu, ya saita akwatinsa ya riƙa tura duk abin da ya shafi kamfanin zuwa sabon adireshin lissafi. Mu kuma muka zauna da littafin masu hulɗa, muka bi su ɗaya-ɗaya, na Duwala da na Ngaundere da na Njamena, da wasiƙa daga sabon adireshin sannan da kiran waya, don su ma su tabbata mu ne. An sake buga kan takarda da hatimi. Sai da aka ga wata biyu cur sun wuce ba abin da ya biyo ta tsohuwar hanya, sannan muka gaya wa yaron ya kashe turawar.